Gwazarma a Ciyawar Kawu

Litinin, 3 ga Yuni

Yau ma ya sake. Na zo da safe na tarar da rami a tsakiyar ciyawata, mai kusurwa huɗu, tsaf kamar an ɓalle tayil. Kawu ne. Jiya motar wani baƙo ta taka masa gefen ciyawar gaban otal, shi ne ya saɓo shebur ya zagayo baya, ya yanki tawa har da ƙasarta, ya je ya yi faci. Haka yake yi tun da na fara aiki a nan. Gaba tasa, baya tawa, amma tawa ita ce shagon kayan gyaransa.

Na ce, Kawu, ko sanar da ni ai a yi. Ya ce, "Baya wa yake kallonta? Masu shanyar zannuwa?" Ya juya zai tafi, ya ƙara da, "Farfesa, duba mana a littafinka ko ciyawa tana jin zafi."

Farfesa. Don kawai na koya wa kaina karatu da tsofaffin jaridun da baƙi ke bari a ɗakuna. Shi ko sunansa a jikin katin aiki ba ya ganewa.

Yayan Umma ne. Shi ya kawo ni aikin nan, kuma kullum sai ya tuna min, kamar wanda ya ba ni ƙodarsa.

Laraba, 5 ga Yuni

Manaja ya kira mu a bakin sito. Wai mai otal ya ce mutum biyu sun yi yawa a kan ciyawa. Ƙarshen Satumba ɗaya zai tafi, za a duba aikin kowa. Wanda ya zauna shi ke da ɗakin bayan janareto, inda muke kwana yanzu, shi a gado ni a tabarma.

Daga nan ya zagayo da mu baya, ya ga ramin. Ya ce, "Kai, wannan fa? Kabarin kyanwa kake haƙa min?"

Na kalli Kawu. Na jira. Ya gyara tsayuwa ya ce, "A yi haƙuri ranka ya daɗe, yaro ne, yana koyo."

Yana koyo! Wallahi da shebur ɗin yana hannuna...

Asabar, 15 ga Yuni

Ƙwari sun cika fitilar bayan ɗakin wanki, masu kama da buzuzu amma ƙanana, ja-ja. Da safe na share gawarwakinsu cikin kwandon shara. Warin tsiya.

Talata, 2 ga Yuli

Hankaki sun addabi ciyawata, suna ta caccaka kamar an binne musu gado. Wurin da suka fi sauka ya fara rawaya. Na kama ciyawar na ja, sai ta taso gaba ɗaya kamar tabarma, babu saiwa ko ɗaya. A ƙarƙashi ga tsutsotsi nan kwance, farare, lanƙwashe, kai ja, gindi baƙi. Gwazarma.

Na je na ɗauko littafin nan na ƙwarin lambu da na tsinta a kwandon ofis, wanda bangonsa ya yage. Duk ga shi a ciki. Ƙwarin fitila ne iyayensu. Suna son ƙasa mai danshi, su zuba ƙwai, ƙwan ya fashe, 'ya'yan su zauna a ƙasa suna cin saiwa. Daga sama ciyawa tana nan shar abinta, ta ƙasa an gama da ita. Kafin ka ga rawaya aikin gama ya gama.

Akwai rabin buhun magani a sito, irin na barbaɗawa. A jikinsa an rubuta a barbaɗa, a bi shi da ruwa sosai ya sauka inda suke. In ba a bi shi da ruwa ba, wahalar banza.

Zan gaya wa Kawu ya duba tasa. Ba don shi ba, don kar su cinye otal ɗin duka mu rasa abin faɗa a kai.

Laraba, 3 ga Yuli

Ban gaya masa ba.

Na shigo sito na tarar yana gyaran injin yankan ciyawa, hannunsa dumu-dumu da baƙin mai, yana yago littafina shafi-shafi yana gogewa. Na bar shi a kan benci ne jiya. Na ce, Kawu, littafina ne fa! Ya ce, "To? Yau dai ya yi amfani." Dogo maigadi yana tsaye a ƙofa, ya yi dariya har da riƙe ciki.

Na tsince abin da ya rage. Ban ce uffan ba, ni da bakina ba ya shiru. Har Dogo sai da ya ce, "A'a, Farfesa, batir ya ƙare ne?"

Juma'a, 5 ga Yuli

Na barbaɗa magani, na jiƙa ƙasa har ta ƙoshi. Ko'ina na bi, ban da lungun gindin fitila. Can bututun ɗakin wanki ke yoyo, don haka can ta fi kore, ta fi laushi, kai ka ce katifa. Na ɗaga gefe na leƙa. Ƙanana ne tukuna, kamar tsinken ashana da aka karya, amma sun yi yawa har ƙasar tana motsi.

Na mayar na danne da ƙafa. Maganin ya ƙare ne. In an tambaye ni haka zan ce.

Alhamis, 11 ga Yuli

Mutumin nan ba ya gani.

Na daɗe ina zargi. Ranar nan ya zuba ruwan zafi a gefen kofi ya ce hannunsa ne ya goce. Yanzu kuma ya koma yawo a ciyawa ba takalmi, yana lalube da tafin ƙafa, wai don kar ya ji mata ciwo. Ƙarya ne. Da ƙafa yake gani. Na kalli idonsa da kyau da rana, akwai fari-fari a tsakiya kamar an ɗiga madara.

Na gwada shi. Na kwantar da manjagara a hanyar famfo, tsakiyar fili, rana tsaka. Ya zo ya yi tuntuɓe da ita, ya tafi da gwiwa. Ya tashi yana zagin wanda ya ajiye, har uwarsa. Na ce, Kawu, uwar tasa ƙanwarka ce.

Na yi dariya har hawaye. Shi kuwa bai damu da jinin gwiwar ba, waige-waige yake ko wani ya gani.

Lahadi, 21 ga Yuli

Wani kamfani ya kama filin gaba ya yi taro. Rumfuna, kujeru, mata masu takalma masu tsini. Kawu ya wuni a gefe kamar wanda ake yi wa ɗansa tiyata.

Talata, 23 ga Yuli

An kwashe rumfuna. Gaban ta yi kaca-kaca, inda aka kafa turaku da inda aka ajiye tukwane duk ya mutu. Faci ba ɗaya ba, ba biyu ba.

Kawu ya zagayo baya da shebur. Ya tsaya yana ƙyafta ido, don shi duk kore ɗaya ne a wurinsa. Ya ce, "Kai, ina ta fi kyau?"

Na ce, gindin fitila.

Ya taka da ƙafa, ya ji laushi, ya ce, "Ashe kana iya abin kirki in ka ga dama." Shi ya yanka da hannunsa. Ni baro kawai na tura. Ya ce gara a bar ƙasar da kauri don ta kama da wuri, na ce to.

Muna tsugune a gaba yana jera su, gwazarma ɗaya ta faɗo a kan shebur, ta yi girma yanzu, tana ta murɗa jiki a gaban hancinsa. Bai gan ta ba. Na sa babban yatsa na tura ta cikin ƙasar, na lulluɓe. Ya ce, "Yawwa, danna sosai, kar iska ta shiga."

Na danna sosai.

Ya saya min lemo da yamma. Na sha.

Laraba, 24 ga Yuli

Manaja ya ga ramukan gindin fitila, ya fara faɗa. Wannan karon na ce masa kai tsaye Kawu ne ya ɗiba, kuma ga shi zan cike da sabuwar ƙasa in dasa. Ya ce, "Kullum da baki." Amma ya ji.

Litinin, 5 ga Agusta

Tawa ta farfaɗo. Hankaki sun yi ƙaura zuwa gaba.

Asabar, 10 ga Agusta

Facin bai kama ba. Rawaya ta fara daga tsakiyarsu tana cin gefe. Shi bai sani ba sai da Dogo ya ce, "Baba, amaryar taka ta fara sanƙo fa." Ya hau shi da zagi, daga baya na hango shi a durƙushe yana shafa wurin da tafin hannu.

Ya ce ƙishi ne, ya ƙara ruwa. Ya ce yunwa ce, ya zuba taki. Wato ya ba su abin sha, ya ƙara musu da abin ci. Ban taɓa ganin mai masauki irinsa ba.

Da ya ga abin ya ƙi, sai ya sake zagayowa ya yanki sauran gindin fitilar. Wannan karon ko tambayata bai yi ba. Ni ma ban tura baro ba, na zauna a kan bokiti ina kallo.

Alhamis, 15 ga Agusta

Yana jifan hankaki. Inda kukan yake nan yake jifa, su kuwa sun riga sun koma bayansa. Dutse ɗaya ya sami motar kawo burodi. 'Yan kicin sun fito suna kallo kamar wasan yara.

Lahadi, 25 ga Agusta

Umma ta kira. Bayan gaisuwa sai ta ce, "Yaya kawun naka? Muryarsa ba ta yi min daɗi ba." Na ce ƙalau yake, bakinsa dai yana aiki. Ta ce in riƙa kula da shi, ba shi da kowa, 'yarsa tilo mijinta ya riga ya ce gidansu ba wuri. Ta ce, "Shi ya ɗauke ka a kafaɗa ranar da muka rasa babanka."

Na ce na ji, Umma. Kuɗin wayarki zai ƙare.

Ya ɗauke ni a kafaɗa, ya sauke ni a tabarma. Duk gidanmu kowa ya san me ya ce da aka so a sa ni makaranta: wai kan nan ba na boko ba ne, na ɗaukar kaya ne. Wannan Umma ba ta tuna shi.

Talata, 3 ga Satumba

Ya daina cin abinci sosai. Yana fita tun gari bai waye ba ya tsinke busasshiyar ciyawa ya baza ɗanya a kai, wadda inji ya yanko, don Manaja in ya wuce a mota ya ga kore. Kafin azahar ta bushe ta tona masa asiri.

Juma'a, 13 ga Satumba

Yau ya tambaye ni.

Muna ɗaki da rana, janareto yana ta ruri. Ya daɗe yana juya hularsa a hannu. Bai ce Farfesa ba, bai ce kai ba. Ya ce, "Ɗan nan, littafin nan naka... bai ce komai ba a kan irin wannan?"

Na san abin da tambayar ta ci masa. Kuma da sauran lokaci, da an sa magani a makon nan an bi da ruwa, da wani abu ya tsira.

Na ce, ya ce mana, Kawu. Shafin ne ka goge man inji da shi.

Ya sa hularsa ya fita.

Na jima ina tanadin maganar nan a bakina. Na zaci za ta fi haka daɗi.

Laraba, 25 ga Satumba

An gama.

Manaja ya fito da safe da takalminsa mai ƙyalli, ya ce a fara da gaba. Ya taka tsakiya, ciyawar ta zame da shi kamar ya taka ɓawon ayaba, saura kaɗan ya zauna. Ya sunkuya ya ja, ta naɗo a hannunsa. Ga su nan zube, ƙato-ƙato yanzu, kamar babban yatsa, sun yi ƙiba da saiwar Kawu.

Ya ce, "Mene ne wannan?"

Kawu ya leƙa ya ce, "Ƙasa ce, ranka ya daɗe. Ta ɗan bushe."

Manaja ya dube shi. Ya sake duban ƙasar. Sai ya ɗaga hannu a gaban fuskarsa ya ce, "Yatsu nawa na ɗaga?" 'Yan kicin da masu wanki duk sun taru. Kawu ya faɗi wani adadi, aka kwashe da dariya, don hannun a dunƙule yake.

Kawu ya durƙusa ya sa hannu a ƙasar. Ya taɓo ɗaya. Ya juya ta a yatsunsa, ya matse ta ta fashe. Ya laluba ya taɓo wata, da wata. Ya yi ta lalube har ya isa bakin facin, ya bi layin da shebur ya yanka da ɗan yatsa, kusurwa zuwa kusurwa. A nan ya tsaya.

Manaja ya ce, "Kai mai baki, ka san abin nan?" Na sani mana. Na zuba masa duka, ƙwarin fitila, ƙwai, saiwa, magani, ruwa. Na ji muryata tana fita tas kamar ta mai karanta labarai. Ya je ya ja tawa da hannu biyu, ta ƙi tasowa. Ya ce daga ɗaya ga wata ni ne mai lambu. Dattijo kuma ya kwashe kayansa kafin ranar, "mun gode da hidima, amma nan ba asibitin ido ba ne."

Dogo ya buga min kafaɗa. "Farfesa ya zama shugaban jami'a!"

A ɗaki Kawu yana zaune a bakin gado, ƙasa a gwiwoyinsa bai kakkaɓe ba. Na shirya wa zagi, na ma tanadi amsoshi. Abin da ya ce kawai:

"Ni ba ni da ido. Kai kana da shi."

Na ce, ni na ce ka yanki ciyawata? Na ce, sau nawa na roƙe ka? Na ce, kai ka fara. Na faɗi abubuwa da yawa. Ya kwanta ya juya min baya.

Juma'a, 27 ga Satumba

Na fara ɗaye gaban. Bokiti ya cika da gwazarma, na tuttula musu kananzir na kunna. Suna fashewa ɗaya-ɗaya, tas, tas. Dogo ya ce na yi asara, da kajinsa na ba.

Asabar, 28 ga Satumba

Ya sa Dogo ya kira masa 'yarsa. Wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Da aka ɗauka mijin ne, wai ta fita, wai za su neme shi.

Ya ɗaure kayansa. Buhu ɗaya da bokiti. Duk shekarun nan, buhu ɗaya da bokiti. Almakashin gyaran gefe nasa ne na kansa, ya ajiye shi a kan tabarmata. Na ture shi ƙarƙashin gado. Ba na son sadakarsa.

Litinin, 30 ga Satumba

Ba su neme shi ba.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Manaja ya tare ni a bakin sito, ya ce, "Tsohon ya tafi?" Na ce ya tafi tun shekaranjiya. Ya ce madalla, don mai otal ba ya son ganin wanda ba ma'aikaci ba a harabar nan, in ya gani har wanda ya ajiye shi zai kora.

Yana ɗaki. Da safe nakan sa kwaɗo ta waje in tafi da makulli, da rana in raba abincina biyu in zagaya ta bayan janareto kamar mai zuwa duba mai. Dogo ya sani, na ce in ya buɗe baki zan gaya wa Manaja inda yake kwana a bakin aiki.

Ba wani abu ba ne. Umma ce za ta cika min kunne da kuka. Kuma gadon nan ƙarfensa ya lotsa, ni na fi jin daɗin tabarma. Zuwa ƙarshen mako dai, kafin 'yar tasa ta kira. Ko mako mai zuwa. Na tambayi wani a kicin inda ake cire farin ido, tambaya kawai na yi.

Har yanzu ba ya min magana. Ya juya wa bango fuska, in ajiye kwano in fita. Yau ne kawai ina ƙoƙarin jawo ƙofa na ji ya ce, bai ko juyo ba:

"Wadda ka dasa a gaban. Ta kama?"

Ba ta kama ba. Jar ƙasa ce fetal daga bakin ƙofa har wurin ajiye motoci, hankaki ma sun daina sauka.

Na ce ta kama, Kawu.